A Fara Koya Wa Yaranmu Turanci Da Abin Da Ke Cikin Jakarsu

Malam Edita,

Ina roƙon arziki ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan yadda ake koya wa yaranmu 'yan aji ɗaya da aji biyu Turanci a makarantun firamare na ƙasar Yauri, wato ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya, yanzu ina ɗan taɓa tireda a Yelwa. Maganar tawa da iyaye nake yi, manoma da masunta da 'yan tireda irina, sannan da malamai da hukumomin ilimi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne sanarwar da Ministan Ilimi na Tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya yi a watan Nuwamba na 2025, cewa an soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Ga wanda bai bi tarihin abin ba, tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankinsa, Turanci ya zama darasi ɗaya cikin darussa, sai ya ɗan yi nisa a juya masa. A 2022, zamanin da Malam Adamu Adamu yake minista, aka ce ma a kai harshen uwa har aji shida. Shekara uku kacal bayan haka aka yi kwana. Ni dai ban gamsu da wannan kwanan ba, amma ba gardama da Abuja ce ta kawo ni ba. Abin da nake so iyaye su gane shi ne, takardar umarni ba ta sa Turanci a bakin yaro. Ko minista ya ce e, ko ya ce a'a, gobe da safe yaro ɗan shekara shida daga Zamare ko Utono ko Gebbe zai zauna a gaban malami bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, kuma dole a fara daga wani wuri.

Sannan a tuna ƙasarmu ba kamar Kano ko Katsina ba ce inda kusan kowa Hausa ya sha a nono. A nan akwai Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukawa da Lopawa da Fulani. Yaro da yawa a ƙauyukanmu Hausar ma a kasuwa da wurin wasa ya tsince ta, ke nan Turanci harshe na uku ne gare shi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya ci tsofaffin garuruwa da tsibirai, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni, jama'armu suka warwatsu a bakin tafki. Akwai tungayen da malami sai ya shiga kwalekwale kafin ya isa. A irin waɗannan wurare ba allon talla, ba jarida, ba wanda zai yi wa yaro Turanci a hanya. Ɗan abin da ya ji a aji shi ke nan rabonsa na yini. In aka ɓata wannan minti 30, an ɓata duka.

To yaya ake kashe mintocin nan? Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar aji ɗaya ya san amsa. Malam ya rubuta a baƙin allo, ya ɗaga bulala ya nuna, ya ce "This is a book", yara su amsa da ƙarfi kamar rufin zai yaye. Ya maimaita, su maimaita, har a kaɗa ƙararrawa. Uba na wucewa ya ji, ransa ya yi fari, ya ce kai, yaran nan Turanci ya zauna. Wallahi bai zauna ba. Ka ware yaro ɗaya daga cikinsu ka ce masa "Where is your book?" ka ga yadda zai zuba maka ido. Karatun aku ne. A cikin amshin nan yaro 10 ne ke faɗin kalmar, sauran baki kawai suke motsawa, wasu ma suna can baya suna cin ƙuli-ƙuli. Kuma jimlar kanta ba ta da amfani gare shi. Wa zai tare mutum a hanya ya ce masa wannan littafi ne? Ai kowa na gani.

Shawarata ita ce a fara da kayan da yaro ya zo da su a hannunsa, kuma a koya masa maganar da yake bukatar yi a kansu. Yaro ɗan aji ɗaya duniyarsa kaf ba ta wuce fensirinsa da littafinsa da jakarsa da takalminsa ba. A kansu yake faɗa, a kansu yake kuka, a kansu yake kai ƙara. Nawa ne, naka ne, wa ya ɗauka, ara mini, ba ni abina, ya ɓace. Wannan ita ce maganar da ke bakinsa kullum da Hausa, ita ce kuma za ta fi saurin kama shi da Turanci.

Abin da malamai da yawa ba su lura da shi ba, rabin aikin an riga an yi musu. Fensir, rula, tebur, benci, dasta, kofi, bokiti, duk Turanci ne Bahaushe ya ara ya gyara su daidai bakinsa. Biro ma sunan mutum ne, wani ɗan ƙasar Hangari mai suna Laszlo Biro da ya ƙirƙiro irin wannan alƙalami a 1938. In malami ya ce wa yara ranar farko, ku fa kun riga kun san Turanci, fensir da kuke faɗi shi ne "pencil", rula ita ce "ruler", sai ka ga fuskokinsu sun washe, tsoron abin ya ragu. Sauran aikin gyaran baki ne. Mu Hausawa harafin "p" ya fi ba mu wuya, shi ya sa "pen" ke komawa "fen". Maganin wannan ba bulala ba ne. A ba kowane yaro ɗan yankin takarda ya riƙe a gaban bakinsa, ya rufe leɓɓansa gam ya sake su da ƙarfi, in takardar ta yi tsalle to ya faɗi daidai. In kuma "f" ake so, ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ya hura. Yara suna ɗaukar wannan wasa ne, kafin mako ya zagayo sun iya.

Bayan waɗannan na aro, sai a ƙaro baƙin kalmomi kaɗan: sunan littafi, jaka, alli, hula, takalmi, tsintsiya. Kalma 10 sun ishi yaro wata guda in har zai yi magana da su. Gara 10 da ke aiki a bakinsa da 50 da ke kwance a littafin rubutu. Kuma kowace kalma a faɗe ta abin yana hannu. Malam ya ce a ɗaga littafi, kowa ya ɗaga nasa. Ya ce a sa fensir cikin jaka, a sa. A ɗora jaka a kan benci, a ɗora. A nan ba mai fakewa a bayan amshi, domin wanda bai gane ba za a ga hannunsa wayam, shi kuma zai saci kallon na kusa da shi ya gyara ba tare da an kunyata shi ba. Gani ya kori ji. Rubutu ya biyo baya, kada a fara da shi.

Darasin da na fi ganin amfaninsa shi ne na cigiya. Malam ya zagaya da kwali ko kwano ya karɓi abu ɗai-ɗai daga hannun yara 15 ko 20, ya dawo gaba ya zaro ɗaya ya ɗaga ya ce "Whose pencil is this?" Mai shi ba zai samu abinsa ba sai ya tashi ya ce "It is my pencil". Ina tabbatar muku yaron da bai taɓa buɗe baki a aji ba, ranar da ya ga fensirinsa a hannun malam zai yi magana, domin ya san abin da zai tarar a gida in ya koma babu shi. In an kwana biyu sai malam ya miƙa kwalin ga yara su riƙa tambayar junansu, benci-benci, shi yana zagayawa yana saurare. Ku lissafa da kanku: a ce aji mai yara 60, darasi minti 30, in malam ne kaɗai ke tambaya kowane yaro rabin minti zai samu. In kuwa biyu-biyu suke yi, kowa zai yi ta magana har a tashi. Ajin zai yi hayaniya, gaskiya ne, hedimasta ya yi haƙuri. Af, ai ko Turawan nan 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, da suka zo Yauri a 1830, cikin abin da ya kawo su gaban sarki har da cigiyar littattafai da takardun Mungo Park wanda ya halaka a Busa. Ashe cigiyar littafin Bature ta daɗe a bakin Kwara.

Akwai wuraren da Hausa da Turanci suka saɓa, kuma malamin da ya san su zai tari kuskuren tun kafin ya auku. Mu muna cewa naka, naki, naku, su kalma ɗaya ce, "your". Wannan sauƙi ne, a gaya wa yara su huta. Jam'i ma haka: mu littafi ya koma littattafai, jaka ta koma jakunkuna, alƙalami ya koma alƙaluma, su kuwa galibi "s" kawai suke liƙawa a ƙarshe. Inda wuyar take shi ne, a Hausa komai ko namiji ne ko mace, fensir ne, jaka ce. Shi ya sa za ka ji yaro na kiran jakarsa "she". Sai an nuna masa cewa a Turanci duk abin da ba mutum ba "it" ne. Sai kuma babbar, wadda har manya masu digiri ke faɗawa cikinta, wato "borrow me your biro". Laifin ba na yaron ba ne. Bahaushe kalma ɗaya yake da ita, aro, ko shi zai bayar ko shi zai karɓa. Bature ya raba su biyu: mai bayarwa "lend", mai karɓa "borrow". In aka koya wa yaro tun aji ɗaya ya ce "Please lend me your pencil", kuma aka ce ba a ba kowa aron komai a aji sai ya faɗi haka, an raba shi da wannan kuskure har abada. Haka magogin fensir da muke kira kilina, a littafi "eraser" zai tarar, wani littafin kuma "rubber", shi kuwa yaronmu in ya ji roba, robar cin abinci zai ɗauko. Ƙananan abubuwa ne, amma su ke kayar da yara ranar jarrabawa.

Na san abin da wani malami zai ce yana karanta wannan wasiƙa: Malam, kana ta maganar jaka, yaran nawa rabinsu hannu biyu suke zuwa. Gaskiyarsa. A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, dokar 2004 kuma ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne. Amma har yau akwai yaron da zai shekara a aji ɗaya bai mallaki littafin rubutu nasa na kansa ba. A nan iyaye sai mu ji kunya kaɗan. Wane uba ne zai tura ɗansa makarantar allo ba allo? Ko talakan da ya fi kowa talauci sai ya nemo allo, yaro ya dafa tawadarsa, ya feƙe alƙalaminsa na gamba, kuma malam yana biya wa kowane yaro a allonsa shi kaɗai. Iyayenmu sun daɗe da sanin cewa karatu sai da abin riƙewa a hannu. Me ya sa in aka zo boko sai mu ce gwamnati ta kawo? Mutum ya sayar da buhun albasa ko kwandon banda ranar kasuwa, ya sayi katin waya, ya sayi goro, amma fensir ya gagara. Kada a ce don ina sayar da fensir a teburina nake wannan magana, a saya a wurin wanda aka ga dama.

Duk da haka malami ba shi da hujjar naɗe hannu. Yaron da ba shi da jaka yana da riga, yana da hula ko ɗankwali, ya zo da tsintsiyar shara, wani da gorar ruwa, wani jakarsa ta buhun shinkafa ce uwarsa ta ɗinka masa, ita ma jaka ce, sunanta ɗaya da ta ɗan mai kuɗi a Turanci. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne kada darasin ya koma baje kolin arziki, kullum jakar ɗan ciyaman ake ɗagawa ana misali da ita, ɗan masunci yana sunkuyar da kai. Yaron da aka yi wa dariya sau biyu a kan ba shi da komai, rana ta uku bakin ruwa zai nufa, ba makaranta ba. A koya wa dukan aji "I have no pencil" a matsayin jimla kamar kowace, malam ma ya faɗe ta a kan kansa, sannan a bi ta da jimlar neman aro. Ƙungiyar iyaye da malamai kuma ta sayi kwalin fensir ɗaya ta ajiye a ofis don irin waɗannan yara, ba abin da zai karya ta ba ne.

Wani abin da nake jin tsoro game da sanarwar 2025 shi ne kada ta dawo mana da zamanin cin tara da bulala don yaro ya yi Hausa a aji. Mu da muka yi makaranta a wancan lokaci mun san abin da ya haifar: yara sun koyi yin shiru, ba Turanci ba. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya gwada abin a Ile-Ife tun daga 1970. Aka koyar da wasu yara dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma aka ba shi ƙwararren malami a matsayin darasi, sai ga shi ba su kasa waɗanda aka koyar da Turanci ba, har ma sun fi su a darussa da dama. Saboda haka in yaro ya kasa gane "whose", malam ya ce masa "na wane ne" da Hausa, ko da Gunganci ko Kambarci in ya iya, sau ɗaya, a wuce. Wannan ya fi a yi minti 10 ana nune-nune da hannu kamar kurame.

Iyayen da ba su yi boko ba su ma suna da rawar takawa, kuma ba sai sun ji Turanci ba. In yaro ya dawo, uwa ta ce zazzage jakarka, ɗauki ɗai-ɗai ka gaya mini sunansa da Turanci, ka gaya mini na wane ne. Ko ba ta san daidai ba, za ta gane in yana faɗi da ƙarfin zuciya ko yana in-ina, kuma za ta gane in wata guda ya wuce bai ƙaru da komai ba, sai uban ya je ya tambayi malam dalili. Da haka ma za a san in ya kwaso kilinan wani. Ɗan tireda kuma in ɗan makaranta ya zo sayen biro, ya ce masa sai ka tambaya da Turanci, ya ɗan ƙara masa alawa in ya iya.

Ba ƙaramin ƙoƙari iyayen ƙasar nan suke yi ba da har suke tura yara makaranta. Ga gonar albasa da shinkafa na neman hannu, ga kamun kifi, ga talla, ga ramukan haƙar zinariya da ke janye samari da tsabar kuɗi a hannu. Ga kuma tsoron da ya shiga zukata tun ranar 17 ga Yuni 2021 da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Uban da ya danne duk wannan ya tura ɗansa, in ya ga shekara uku yaro bai iya neman aron fensir da Turanci ba, wa zai ga laifinsa in ya cire shi?

Don haka ina kira ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kebbi da sakatarorin ilimi na Yauri da Ngaski da Shanga su daina al'adar nan ta tura malamin da ya fi kowa rauni aji ɗaya, a ajiye gwanaye a aji shida saboda jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ta riƙa sa ɗalibanta su gwada irin wannan darasi da yara na gaske kafin a ba su takardar NCE. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989, wadda 'ya'yan masunta masu ƙaura ma suna cikin aikinta, ta leƙo tungayen bakin tafkin Kainji. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda shi kansa malami ne har ya shugabanci Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya sa hakimai da dagatai su riƙa yi wa iyaye tuni a kan fensir da littafin rubutu a farkon kowane zango.

Su kuma sufetocin makarantu, in sun zo zagaye, su rage zama a ofishin hedimasta suna duba littafin shirin darasi. Sufeto ya shiga aji biyu, ya je bencin baya, ya ɗauki littafin wata yarinya ya ɗaga ya tambaya da Turanci na wane ne, ya jira ya ji ko za ta karɓi abinta.

 

Naka,
Wani tsohon malamin firamare,
Yelwa, Yauri, Jihar Kebbi.